Tartsatsin da Mannir Ya Koya wa Haladu

Duk wanda ya san layin masu kayan lantarki a Funtuwa ya san shagon Mannir mai sola, ko da bai taɓa sayen ko ƙwan fitila a wurinsa ba. Ɗan matsattsen shago ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito, mai shagon kuma ba ya cikin masu kiran ciniki. Yanzu ke nan. Da can kuwa, kai, bakinsa ba ya rufuwa. In ya fara ba ka labarin batir sai ka rantse a gidansu aka ƙera shi. Maƙwabtansa na layi cewa suke girma ne ya zo masa. Wane girma, mutumin da bai cika arba'in ba? Abin da ya kashe masa baki kalma biyu ce da ya faɗa a bakin gadon asibiti, ya yi wata bakwai yana ɗauke da su.

A wani ƙauye gabas da Malumfashi aka haife shi. Ubansa manomin auduga ne da masara, ya yi ta jan sa gona har ya gaji ya sallama, don Mannir in ya riƙe fartanya sai ka tausaya wa fartanyar. Hankalinsa na kan rediyon gidan. Sau uku yana warware ta, sau biyu ta tashi, na ukun ne ya ja masa duka da kuma sana'a, don daga nan aka kai shi Funtuwa wurin Malam Rabe mai gyaran rediyo da janareta. Shekara tara ya yi a hannunsa. Malam Rabe mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai ɓoye masa komai ba, ya ba shi duk abin da ya sani, har da abin da ya sani ba daidai ba.

A lokacin aka fara kawo inbata, wato akwatin nan da ke juya wutar batir ta koma wutar gida. Yadda Malam Rabe ke haɗa ta, haka duk layin ke yi, haka Mannir ya tashi ya gani. Ka ɗaure jar waya a kan batir, ka ɗauko baƙar, amma ba za ka ɗaure ta kai tsaye ba, sai ka ɗan taɓa kan batirin da bakinta tukuna. Tau! Tartsatsi ya tashi, shuɗi, mai ƙara kamar an fasa ƙwarya. Wannan shi suke kira gaisuwa, wai inbata ta gaisa da batir. Masu gida kuma har jiran sa suke. In ya tashi da ƙarfi su ce masha Allah, batir mai rai ne. In ya yi ɗan tsit su fara kallon ka kamar ka sayar musu da gawa.

Gaskiyar maganar kuwa, wannan tartsatsi bai shafi lafiyar batir ba. Cikin inbata akwai wasu gwangwanaye da ake kira kafasita, aikinsu su tara wuta. In inbata ta jima a cire sai su zama fanko, da waya ta taɓa batir sai su zuƙi wuta gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kamar a fasa bakin ruwa a kan busasshen fangali. Shi ke cin kan batir, shi ke narka cikin bireka, wato babban makunnin da ke yanke wuta. Masu ƙera wasu inbatocin sun san haka, shi ya sa suke liƙa wani ɗan farin abu mai tsawon yatsa a cikin kwali, razista sunansa, da 'yar takarda mai bayani. Aikinsa ya rage wa wutar gudu, ta shiga a hankali har gwangwanayen su cika. Mannir ya ɗauka kayan safaya ne. Wani malamin makarantar fasaha ya taɓa tsayawa a shagonsa ya yi masa bayanin amfaninsa tiryan-tiryan, Mannir ya saurara, ya yi dariya, ya ce Malam ai ku a allo kuke haɗawa, mu a gidajen mutane, kuma mutane tartsatsi suke son gani. Ya ci gaba da jefa su a wani gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur.

Da fetur ya yi tashin da ya yi, janareta ya gagari mutane, sai kasuwar sola ta buɗe. Mannir ya zama ba ya zama. Yau yana Danja, gobe Bakori, jibi Malumfashi, tsani ɗaure a bayan babur. Ya yi suna, kuma bai yi shi a banza ba, aikinsa tsaf ne, wayoyinsa a jere, ba ya sayar da tsohon batir da sunan sabo. Sai dai son a kalle shi. In zai yi gaisuwar nan sai ya sa an kira mai gida da yara, ya ce kowa ya matsa, ya naɗe hannun riga.

Matarsa Raudatu marainiya ce, yayanta Haladu ne ya riƙe ta, shi ya aurar masa da ita, kuma bai wahalar da shi ba ko kaɗan. Haladu manomi ne a wani ƙauye kan hanyar Dandume, mutum mai tsanaki da har ake tsokanar sa a kai. Ko akuya zai ɗaure sai ya dawo ya sake duba ƙullin. Ban da noma yana da injin ƙyanƙyasar ƙwai, yana fitar da 'yan tsaki da zabi, matan ƙauyuka uku a wurinsa suke saye. Injin ba ya son wuta ta ɗauke ko na awa biyu, shi ya sa Mannir ya haɗa masa sola da batir huɗu masu ruwa a wani ɗan ɗaki kusa da zaure. Ranar haɗawa ya nuna masa komai, ja a nan, baƙi a can, sannan ya yi gaisuwa. Haladu ya ja da baya, ya tambaya ko wannan wuta ba ta da illa.

"Haba Yaya," in ji Mannir. "Ranar da bai yi haka ba, ranar za ka kira ni."

Shekara guda da rabi komai lafiya. Sai watan Agusta, ruwa ya yi kwana uku yana zuba, rufin ɗan ɗakin ya fara yoyo daidai kan baturan. Ranar da gari ya buɗe Haladu ya kira Mannir da hantsi, ya ce ya zo ya matsar da su ɗaya kusurwar, ga ƙwai ɗari huɗu saura kwana biyu su fashe. Mannir na kan rufin wani otal a Malumfashi. Ya ce wannan ai bai kai a ƙona mai ba, ya cire, ya matsar, ya mayar yadda ya nuna masa, minti goma ya ishe shi. Haladu ya nanata ko dai ya jira shi. Mannir ya ce kada ya jira, ƙwai zai huce.

Haladu bai samu sukuni ba sai wajen azahar. Rana ta take, baturan sun sha caji suna ta tafasa a ciki, kuma batir mai ruwa in yana haka wata iska yake fitarwa wadda ba a gani, mai kama wuta. Ɗakin ba taga. Ya matsar da su, ya buɗe murafensu ya ƙara musu ruwa tun da ga shi a wurin, ya ɗaure ja, ya sunkuya, ya taɓa baƙar kamar yadda aka koya masa. Matarsa Hajjo tana tsakar gida ta ji ƙara kamar an harba bindiga. Ta same shi a durƙushe, hannu biyu a fuska, batirin ya tsage, ruwansa ya wanke masa ido.

Aka kai shi asibiti a Funtuwa, daga nan aka tura su Kaduna. Kafin Mannir ya bi su, washegari da safe sai da ya biya ƙauyen ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ya duƙa ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ja na inda ja ya kamata, an ɗaure ta tam. Baƙar na yashe a ƙasa, bakinta ya ɗan narke. Babu kuskure ko ɗaya. Mutumin nan ya yi aikin fiye da yadda wasu masu shago a layin za su yi. Mannir ya tsuguna a wurin, maganar malamin makarantar fasahar nan ta dawo masa kalma bayan kalma, har da inda ya ce kada a taɓa barin tartsatsi ya tashi a bakin batir.

A Kaduna ya tarar da Haladu kwance, an naɗe masa ido biyu. Ɗakin cike da dangi. Da Haladu ya ji muryarsa sai ya laluba ya kama hannunsa.

"Mannir, ka je ka gani? Juya wayoyin na yi ko?"

Raudatu na tsaye a gefe idonta ya yi ja. Hajjo na kallon sa, da tsohon ciki. Kowa na jiran mai sana'a ya yi magana.

"Mai yiwuwa," in ji Mannir.

Shi ke nan fa. Bai ce e ba, kuma ya sha gaya wa kansa cewa bai ce e ba, amma wa zai ruɗa? Haladu ya saki hannunsa, ya ce dama ya zargi haka, Allah ya sa kaffara ce.

Idon hagu ya tafi. Na dama aka ceto, amma gani dishi-dishi, yana rarrabe mutum da bango, ba ya rarrabe fuska sai an matso. Ƙwan nan ɗari huɗu kuwa ba wanda ya ma tuna da su. Abin da ya fi ci wa Mannir rai shi ne yadda Haladu ya rungumi laifin ya riƙe. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labari da bakinsa, ya ce karambani ne ya ja masa, ya shiga aikin da ba nasa ba, ya juya waya. Ya faɗa a zaure, ya faɗa a ƙofar masallaci. Mutane su yi masa jaje, in sun fita su ce ikon Allah, duk tsanakin Haladu. Hajjo ma in ranta ya ɓaci takan ce da ya jira Mannir da duk haka ba ta faru ba. Ya sa aka rufe ɗakin injin da kwaɗo. Ko tocila ta mutu, sai ya miƙa wa wani ya sa mata batir.

Mannir kuwa sai yabo. Shi ya yi ta zirga-zirgar Kaduna, shi ya kawo masu girbi da kaka ta yi, dangi suna ta cewa Raudatu ta yi dacen miji. Kowane sa albarka sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Abinci ya daina yi masa daɗi. Kunya yake ji, kunya mai nauyi, da tsoron ranar da Raudatu za ta kalle shi ta san shi ne.

Wata ranar Talata da kasuwa ta yi sanyi ya jawo gwangwanin madarar nan ya zazzage a tebur. Razista ashirin da shida. Ya nemo 'yar takardar, ya zauna da ita da wayarsa yana bin Turancin a hankali. Daga ranar ya ajiye inbata ɗaya da batir huɗu a bayan shago, ya shiga gwaji. Ya sa razistan tsakanin batir da inbata, ya ɗora mitar auna wuta, ya ga lambar tana hawa sannu a hankali har ta kusa kamo ta batir, sannan ya haɗa babbar waya. Ko ƙyas. Ya cire ya sake, ya cire ya sake, ya fi sau goma, yana jin kamar ya mari kansa. Abin da ke ƙarƙashin teburinsa shekara da shekaru ke nan.

Amma ya san mutanensa. Ba manomin da zai tsaya riƙe ɗan farin abu da mita a hannu. Dole a yi shi yadda ko wa ya zo zai iya, kuma nesa da bakin batir. Sai ya sami ƙaramin akwatin roba, ya sa babbar bireka a ciki, ya kewaye ta da siririyar hanya mai razista, ya kafa akwatin a bango taku biyu daga baturan, ta yadda haɗuwar ƙarshe ba za ta ƙara faruwa a kan ruwan batir ba. Na farko da ya yi da makunnin bango ya yi shi, wani mai shagon kayan sanyi a Bakori ya kunna ya manta, ga inbata na jan wuta, razistan ya yi zafi har ya narka robar. Ya dawo ya sake tunani, ya sa madannin hon na babur, wanda da ka ɗaga yatsa yake sakin kansa. Ya nemo razista mai jikin ƙarfe da ke jure zafi. Ya gane kuma in inbata na kunne gwangwanayen ba za su taɓa cika ba, sai an kashe ta tukuna. Saura yadda mutum zai san sun cika ba tare da mita ba. Nan ya fi daɗewa, har ya dace da ƙwan fitilar babbar mota guda biyu a jere. Ka danna, su haska, su yi ta dushewa yayin da gwangwanayen ke cika, in sun mutu sai ka ɗaga bireka. Ya rubuta matakan da fenti a murfin, da Hausa, manya-manya.

Ya ɗauki babur ya bi gidajen da ya taɓa yi wa aiki yana kafawa. Ba ko'ina aka yi masa maraba ba. Wani Alhaji a Danja ya ce tun da aka sa akwatin batirinsa ya daina tartsatsi, a cire masa, an kashe masa ƙarfin batir. 'Yan layi suka sa masa suna injiniyan hon. Da Mannir na da ne, da sai ya rama har da ƙari. Wannan bai tanka ba, sai dai in an tsaya ya yi bayani, in ba a tsaya ba ya ɗaure kayansa. Ya kafa fiye da hamsin, daga Malumfashi har Dandume. Yakan wuce ta mararrabar ƙauyen Haladu ya ƙara wa babur gudu.

Raudatu ce ta tare shi wata safiya yana ɗaure akwati a babur. Ta ce ya zagaye duniya da abin nan, gidan yayanta kaɗai ya tsallake, alhali can ne aka fi bukata, ko Allah zai sa ya buɗe ɗakin injin ya daina zaman zaure. Ta tambaye shi ko wani abu ya haɗa su. Ya ce babu. Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce to ya je yau.

Ya isa da hantsi da sabon batir da akwatin. Hajjo ta kawo makulli da murna. Ya share ɗakin, ya fasa 'yar taga a bango, ya haɗa komai, sannan ya riƙo Haladu ya shigo da shi. Haladu ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwansa a baya. Mannir ya yi masa bayani, ya ce ya dubi fitilun, sannan ya danna madannin da kansa. Suka haska, suka dushe, suka mutu. Mannir ya ce masa ya gani?

Haladu ya ce bai ga komai ba. Wata uku Mannir ya yi yana wahala a kan fitilun nan, bai taɓa kawowa a ransa cewa wanda aka yi dominsa ba zai gan su ba. Haladu ya ce kada ya damu, aikin ya yi kyau, amma ya koya wa Hajjo, shi kam ya gama taɓa waya, mutumin da ya kasa bambance ja da baƙi da ido biyu ina ga yanzu.

"Yaya, ba ka juya ba."

Haladu ya juyo da fuskarsa wajen muryar.

"Na zo washegari na duba. Daidai ka haɗa, ba kuskure ko ɗaya. Taɓawar nan da na koya maka, ita ce ta fasa batirin. An taɓa gaya mini tana da haɗari, na yi dariya."

Ya faɗi sauran duka, da gwangwanin madara, da malamin, da abin da ya hana shi magana a asibiti, wato tsoro.  Haladu ya zare hannuwansa daga baya, ya ɗago su kusa da idon da ya rage, ya daɗe yana duban su. Sannan ya tambaya tun yaushe ya sani, ko da yake an riga an gaya masa. Mannir ya ce tun ranar.

"Ido kam na yafe maka," in ji Haladu. "Ba da gangan ka yi ba, kai ma haka aka koya maka. Amma Mannir, 'yata Nana Khadija watanta shida yau. Ban taɓa ɗaukar ta ba. In Hajjo ta miƙo mini sai in ce hannuna da datti. Tsoro nake kada hannun da ya juya waya ya saki 'yar mutane."

Mannir ya durƙusa a ƙasan ɗakin, ya ce ya yafe masa don Allah.

"Wannan ka ba ni lokaci," in ji Haladu.

Ya laluba ƙofa da kansa, bai yarda an riƙe shi ba. Mannir na jin sa a tsakar gida yana kiran Hajjo, yana cewa ta kawo masa yarinyar. Hajjo ta ce barci take yi. Ya ce ta kawo ta a hakan.